A Koyar da Tarihin Duniya a Babbar Sakandare, a Kuma Fara Daga Suleja

A watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ta bakin minista Tunji Alausa, ta sanar da cewa tarihin Najeriya ya zama darasin dole tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuwa za a gwama shi da ilimin zama ɗan ƙasa a cikin darasi guda. An daɗe ana jiran wannan sanarwa. Tun da aka fitar da sabuwar manhajar ilimin bai-ɗaya a 2007, aka kuma soma aiki da ita a zangon karatu na 2009/2010, tarihi ya daina zama darasi mai cin gashin kansa a ƙananan azuzuwa, aka narkar da ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya ta yi ta kuka, minista Adamu Adamu ya yi alkawarin maido shi, a 2022 kuma aka ce an zaɓi malamai 3,700 domin horarwa, ɗari-ɗari daga kowace jiha da Babban Birnin Tarayya. Duk wannan abin a yaba ne. Sai dai abin da aka maido ya tsaya a bakin iyakar Najeriya, kuma ya fi ƙarfi a azuzuwan da yaro bai kai munzalin yin muhawara ba. Ɗalibin aji huɗu zuwa shida na sakandare, wanda hankalinsa ya nuna har yana iya tambayar dalili, shi aka bari da ragowa. Ra'ayina shi ne a ba wannan ɗalibi darasin tarihin duniya mai zurfi, kuma ba na jin akwai garin da ya fi Suleja nuna dalilin haka.

Ya kamata a fayyace abin da ake nufi da zurfi, don kada a ɗauka ƙarin hadda ake nema. Yaranmu sun riga sun gaji da haddar sunayen gwamnoni da shekarun da aka yi kaza. Darasi mai zurfi shi ne wanda malami zai ajiye wa ɗalibi takardu biyu masu saɓa wa juna a kan lamari guda, ya ce masa ya faɗi wadda ya fi gaskatawa, ya kuma kawo hujja. Zai tambaye shi me ya sa abu ya faru a lokacin da ya faru, bai faru shekara hamsin kafin nan ba. Zai sa shi ya kwatanta tsarin daular Sakkwato da na daular Usmaniyya ta Turkiyya, ko faɗuwar Kano da faɗuwar Kumasi, ya rubuta shafi uku da kalmomin kansa. A Amurka akwai irin wannan darasi ga 'yan sakandare masu ƙwazo, inda ake miƙa musu tarin tsofaffin takardu a ɗakin jarrabawa su karanta su gina hujja da su. Makarantun kuɗi na Abuja masu bin manhajar Cambridge suna koyar da makamancinsa. Wato dai 'ya'yan masu hali na Maitama da Asokoro suna samun wannan horo, 'ya'yan direbobi da masinjoji da ƙananan ma'aikatan da ke fita daga Suleja da asuba don yi wa Abuja hidima ba sa samu, alhali tsakaninsu bai wuce tafiyar sa'a guda a mota ba.

Mu ɗauki asalin garin. Duk ɗan Suleja ya ji cewa Muhammadu Makau, sarkin Zazzau na ƙarshe daga gidan Haɓe a Zariya, ya baro birnin lokacin jihadi ya yo kudu ya sauka Zuba a ƙasar Koro, ya yi ta fafatawa har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825, sannan ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa sabon birni a 1828 wanda ya ɗauki sunansa, wato Abuja ta da, Suleja ta yau. Shi ya sa har gobe mai martaba yake amsa Sarkin Zazzau Suleja. In aka tsaya nan, labari ne na gidan sarauta da ya rasa gari ya gina wani. To amma a buɗe wa ɗalibi taswirar duniya ta 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A ranar farko ta wannan shekara bayin da suka yi tawaye a Haiti suka ayyana 'yancin ƙasarsu bayan sun fatattaki sojojin Faransa, a watanta na ƙarshe kuma Napoleon ya ɗora wa kansa kambun sarauta a Faris. Bayan shekara uku Ingila ta haramta wa jiragenta cinikin bayi. Ba wanda zai ce ɗayan waɗannan ne ya haifi ɗayan, amma akwai tambayar da ta cancanci aji ya yi mako guda yana taunawa: me ya sa a zamani ɗaya mutane a nahiyoyi uku suka tashi suna tuhumar masu mulki da zalunci da haraji marar kan gado, kuma me kowane juyi ya yi da batun bauta bayan ya yi nasara? Akwai ma igiyar da ta haɗa ƙasar Hausa da wancan gefen teku kai tsaye. Yaƙe-yaƙen wancan zamani sun jefa mutane da yawa hannun fataken bayi, aka bi da su ta Nufe da ƙasar Yarbawa zuwa gaɓa, aka tsallaka da su Bahia a Brazil. A can Hausawa suka ƙulla tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814, a 1835 kuma bayi Musulmi, akasarinsu Yarbawa da Hausawa a cikinsu, suka girgiza birnin Salvador cikin watan azumi, hukuma ta tsinci layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Yaron da bai san Brazil ba bai gama sanin abin da yaƙe-yaƙen ƙasarsa suka haifar ba.

Haka zancen yake idan aka zo 1902, shekarar da sojojin Turawa suka shiga Abuja ta da, Sarki Ibrahim ya rasa ransa, aka naɗa Muhammadu Gani. Ruwa ba ya tsami banza. Garin da ya yi shekara saba'in da ɗoriya yana kare kansa daga Zariya, me ya kayar da shi cikin ɗan lokaci? Sai an je masana'antun Ingila da suka ƙera bindiga mai aman harsashi, sai an je taron Berlin na 1884 zuwa 1885 inda ƙasashen Turai suka shimfiɗa ƙa'idar rabon Afirka, sai an kuma duba tseren da Ingila ta yi da Faransa a kan kogin Kwara, sannan a sami amsa. Shi kansa Lugard, jagoran mulkin Turawa a Arewa, da ya kafa hedkwatarsa a Zungeru, nan cikin Jihar Neja ta yau, a Indiya aka haife shi, ya yi yaƙi a Afghanistan da Sudan da Bama, ya yi aiki a Uganda, bayan ya bar Arewa a 1906 kuma ya je ya yi gwamna a Hong Kong kafin ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Mulki ta hannun sarakuna da ake jingina masa, Ingilishi sun riga sun gwada irinsa da sarakunan Indiya. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Minna ya isa Kano a 1911, auduga aka fi sa wa rai da shi, domin masaƙun Lancashire ba su manta da yunwar audugar da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya jefa su ciki ba. Manoman Kano da fatakensu suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, saboda masana'antun mai na Turai sun fi biya. Wannan labari yana koya wa yaro abin da littattafan hadda ba sa faɗa, cewa kakanninsa sun yi lissafi sun yanke shawara ko da suna ƙarƙashin mulkin mallaka. Bayan shekara arba'in kuma 'ya'yan waɗanda aka ci da yaƙi suka sa kaki aka kai su dazukan Bama su yaƙi Japan a madadin Ingila.

Ko kuɗin da ke aljihun ɗalibi darasi ne. Matar da ke jikin naira ashirin, Ladi Kwali, a nan garin ta yi suna, a cibiyar ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950 zamanin Sarki Sulaimanu Barau, ta shiga a 1954. Cardew almajirin Bernard Leach ne, Leach kuwa a Japan ya koyi sana'ar, saboda haka tukunyar da Ladi Kwali ta gina da hannu irin na matan Gbagyi, aka gasa ta da dabarar da ta ratso Japan da Ingila, aka baje ta a Landan, ta haɗa ƙasashe uku a abu guda. Sunan garin ma haka. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar da sabon babban birni bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, masarautar Abuja ta ba da ƙasa mai yawa ta kuma ba da sunanta, garin ya koma Suleja don girmama Sulaimanu Barau, a ranar 12 ga Disambar 1991 kuma Janar Babangida ya kwaso gwamnati daga Legas. Yaƙin basasa yana cikin abin da ya sa aka nemi birni a tsakiyar ƙasa, amma ƙarfin halin fara aikin daga kuɗin mai ya fito, kuɗin mai kuwa ya ninka kusan sau huɗu ne sakamakon yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973. Kuma Najeriya ba ita ta fara ba. Pakistan ta gina Islamabad, Brazil ta buɗe Brasilia a 1960, kuma a Brasilia leburorin da suka gina birnin ba su sami wurin zama a cikinsa ba, suka cika garuruwan gefe irin su Taguatinga da Ceilandia. Ɗalibin da ke zaune a Madalla ko Gauraka, wanda ya ga yadda rusau a Abuja ya turo jama'a garinsu, kuɗin haya ya tashi, ruwa ya yi ƙaranci, idan ya karanta labarin Ceilandia zai gane cewa abin da ke damun garinsu yana da sanadi a tsarin gina birane, kuma wasu sun riga mu shiga ciki, ana iya duba inda suka dace da inda suka yi kuskure.

Ƙorafi na farko da za a yi shi ne cewa ba mu gama sanin namu ba, ina mu ina na wasu. Masu wannan magana suna da dalili a tarihi. Iyayenmu da suka yi karatu zamanin Turawa sun haddace sarakunan Ingila da yaƙe-yaƙen Turai, ba a koya musu Rumfa ko Amina ba, kuma har a 1963 farfesan Oxford Hugh Trevor-Roper yana da bakin cewa babu wani tarihi a Afirka in ban da na Turawan da suka shigo ta. Kenneth Dike a Ibadan, da Abdullahi Smith a Zariya wanda ya kafa Arewa House a Kaduna, da ɗalibai irin su Yusufu Bala Usman, sun ƙarar da rayuwarsu wajen rushe wannan raini. Amma a duba abin da suka rubuta. Littafin Dike na 1956 a kan ciniki da siyasar yankin Neja Delta ne, wato mu'amalar 'yan ƙasa da kasuwar duniya. Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa har Gwanja da Asante da gaɓar teku. Ba su rufe ƙofa ba, matsayin mai kallo suka canza, aka koma duban duniya daga nan. Magabatanmu ma haka suka yi tun kafin boko. Malaman Kano da Katsina sun yi mu'amala da al-Maghili da as-Suyuɗi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta tarihin ƙasashen Tukururu gaba ɗaya a Infaƙul Maisuri, ya kuma zauna da Bature matafiyi Clapperton a Sakkwato a 1824 yana yi masa tambayoyi a kan al'amuran Turai. Ɗabari ya sa Farisa da Rum a cikin tarihinsa, Ibn Khaldun ya nemi dokokin da ke sa dauloli tashi da faɗuwa a ko'ina. Wanda ya ce tarihin duniya kayan Turawa ne ya sallama musu gadon da ba nasu kaɗai ba.

Ƙorafi na biyu na uba ne da ke biyan kuɗin makaranta da gumi, wanda yake son ɗansa ya zama likita ko injiniya, yake kuma tambaya ko tarihi zai ba shi aiki. Gaskiya ce, darasin tarihi ba ya ba da takardar ɗaukar aiki, kamar yadda darasin lissafi na aji biyar ba ya bayarwa. Amma a tambayi uban me ya sa buhun takin zamani ya tashi a 2022, a ga ko zai iya amsawa bai ambaci Rasha da Ukraine ba. A tambaye shi me ya sa naira ta fara zubewa a 1986, a ga ko zai tsallake Asusun Ba da Lamuni na Duniya da faɗuwar farashin mai. Da sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar a watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, fatake daga Illela har Maigatari suka ji a jikinsu, kuma ba a fahimtar fushin 'yan Nijar da Faransa sai an san tarihin kuɗin sefa da ma'adinin yuraniyom na Arlit. A watan Agustan 2024 matasa sun ɗaga tutar Rasha a titunan Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Nawa ne cikinsu aka taɓa koya wa a aji abin da Tarayyar Soviet ta yi a Afghanistan daga 1979, ko makaman da ta sayar wa gwamnatin Gowon lokacin yaƙin basasa, ko abin da Faransa ta yi a Aljeriya, don su auna kowace ƙasa da aikinta? Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne cewa yaranmu suna koyon tarihin duniya kullum, a TikTok da Facebook da WhatsApp, daga bakin mutanen da ba wanda ya tambaye su madogara. Darasin yana gudana ko mun so ko mun ƙi, makaranta ce kawai ba ta cikinsa. Likitan da ya iya tambayar wa ya faɗi wannan, yaushe, don me, ya fi wanda bai iya ba, haka ma ɗan kasuwa da alƙali da mai jefa ƙuri'a.

Wasu malamai za su ce abin ya fi ƙarfin yaran, musamman da yake Turancinsu ba ya da ƙwari. Wannan raini ne da ba su cancanta ba. Yaron da muke sa wa ilimin kimiyyar sinadarai da lissafi mai zurfi, muke kuma sa ran ya ci, ba zai kasa auna ruwayoyi biyu ba. Da yawa daga cikin ɗaliban Suleja suna zuwa Islamiyya da yamma, inda ake koya musu cewa ba a karɓar hadisi sai an duba isnadi, an san mai ruwaya, an tabbatar ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Wannan hanya ita ce ƙashin bayan aikin masanin tarihi, kuma malaman Musulunci sun tsara ta ƙarnuka kafin jami'o'in Jamus su mai da binciken madogara sana'a. Ɗalibi Kirista da ya saba kwatanta yadda Linjila huɗu suka ba da labari guda shi ma ba baƙo ba ne a nan. Ga misalin gwaji daga cikin gida. Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin garin nan da Hausa, Frank Heath ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Ibadan a 1952, kuma a ruwayar Abuja 1804 ce shekarar da Makau ya bar Zariya. Masanan da suka bi rubuce-rubucen Sakkwato kuwa sun kai faɗuwar Zariya ƙarshen 1808. A ba aji waɗannan biyu a ce su binciko daga ina kowace shekara ta fito, wa ya rubuta, shekara nawa bayan aukuwar lamarin, wace fada yake wa aiki. A bar su su yi gardamar da Hausa ko Gbagyi idan shi ya fi musu sauƙi, su rubuta sakamakon da Turanci. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya da hannunsa ya sami abin da zai tunkari kowane labari da shi, na Berlin ne ko na Makka.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na malamai da littattafai, kuma ba za a kawar da shi da daɗin baki ba. Shekarun da tarihi ya yi a waje sun kashe kasuwar malamansa, ɗaliban ajin adabi suka koma darasin Gwamnati don ya fi sauƙin ci, makarantu da dama suka daina koyar da tarihi gaba ɗaya. Malamai ɗari da aka ware wa kowace jiha a 2022, idan aka raba su ga ƙananan hukumomi 25 na Jihar Neja, huɗu-huɗu ke nan. Da wannan ba za a iya wajabta darasi mai zurfi a kowace makaranta ba, kuma wanda ya nemi a yi haka gobe yana neman a lalata abin ne tun kafin a fara. Abin da za a iya shi ne a fara da ƙarami, a matsayin darasin zaɓi, a makarantu kaɗan. Suleja tana da makarantar yara masu hazaƙa ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka fi sani da Suleja Academy, da aka kafa zamanin Babangida don ta tara zaƙaƙuran yara daga kowace jiha. In har ba a iya gwada irin wannan darasi a can ba, to ina? Daga nan a haɗa da makarantun jiha biyu ko uku na cikin gari, maza da mata, don kada abin ya sake zama na zaɓaɓɓu. Jami'ar Abuja tana nan kusa, Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida tana Lapai, garin da Makau ya faɗi a kusa da shi, Kwalejin Ilimi tana Minna, duk suna iya horar da malamai a lokacin dogon hutu. Littattafai ma ba su yi wuyar da ake zato ba. Babban tarihin Afirka na hukumar UNESCO, wanda masana irin su Ade Ajayi da Adu Boahen da Ali Mazrui suka shirya, yana nan kyauta a intanet, ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna kuma cike take da rahotannin jami'an mulkin mallaka na lardunan Arewa. Injin kwafi guda da malami mai himma sun isa a fara.

Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa a fili ba, cewa tarihi yana tono rauni. Suleja gari ne da Hausawa da Gbagyi da Koro da Fulani da Nufawa da Ibo da Yarbawa suke cin kasuwa ɗaya, kuma tarihinsa ba duka ne mai daɗin ji ba. Masarautar da ta tsira daga jihadi ita ma ta kai hare-hare ƙauyukan maƙwabta, ta kama bayi, laƙabin Dodon Gwari da aka yi wa Sarki Ibrahim kuwa ba don zumunci aka yi shi ba. Gbagyin da aka tashe su daga gonakinsu don gina babban birni suna da nasu kukan har yau. Mai tsoro zai ce a bar kaza cikin gashinta. Amma mun gwada shiru, mun yi shekaru ba mu koyar da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yadda ya kamata ba, kuma shirun bai hana jikokin waɗanda suka yi yaƙin zagin juna a kansa ba, sai dai ya bar kowane ɓangare da ruwayar gidansu. A nan ne tarihin duniya yake da amfanin da tarihin gida kaɗai ba shi da shi. Yaron da ya karanta bauta a Rum da Bagadaza da Zanzibar da gonakin rake na Amurka, idan ya zo kan bauta a ƙasar Zazzau zai dube ta a matsayin tsari na tattalin arziki da iko wanda al'ummomi da dama suka yi suka bari, ba zai ɗauke ta tabon wata ƙabila ba. Faransa da Jamus sun gwabza sau uku tsakanin 1870 da 1945, amma a 2006 suka fitar da littafin tarihi guda wanda 'yan sakandaren ƙasashen biyu suke karantawa. Abin da ake buƙata shi ne malami mai adalci da aji mai ƙa'ida, inda za a ce wa kowa ya kawo hujja, har da ɗan sarki.

Saura batun jarrabawa, wanda shi ne linzamin komai, domin malami ba ya koyar da abin da ba a tambaya. Manhajar tarihi ta WAEC da ta JAMB sun riga sun ƙunshi Afirka da alaƙarta da sauran duniya, amma muddin tambayar ta kasance a zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu ko a lissafo dalilai biyar, ɗalibi zai haddace dalilai biyar ya manta da su ranar da ya fito. Hedkwatar hukumar NECO a Minna take, a cikin jiharmu. Ita ce ta fi cancanta ta fara saka tambaya guda a takardar tarihi wadda za a ba ɗalibi gajerun takardu uku ko huɗu ya auna su, ta kuma ba malamai shekara biyu su shirya. Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Neja ta zaɓi makarantun gwaji a Suleja ta tura musu malaman da suka karanci tarihi, ta daina ɗora darasin a kan duk wanda ba shi da aji. Shi kuma Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, Alhaji Awwal Ibrahim, wanda ya mulki jihar nan daga 1979 zuwa 1983 ya kuma san yadda ake motsa ma'aikata, muna roƙon majalisarsa ta ɗauki nauyin sake buga littafin Malam Hassan da Malam Shu'aibu, Hausarsa da Turancinsa, a raba wa kowace babbar sakandare a masarautar kafin zangon karatu mai zuwa.